Katin BRP ya tafi, sitikar fasfo ma na kan hanya: yadda za ka shirya wa bizar intanet ta Birtaniya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a tsanake.

Yau maganar biza za mu yi, bizar Birtaniya. Na san wani zai ce to ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, ina ruwana? Ka dai tsaya. In ba kai ba, akwai yayanka da ke karatu a Coventry, ko ƙanwar mamanka da ke aikin jinya a Manchester, ko Baba da ake shirin kai shi Landan ganin likita. Kuma a gidajenmu, duk abin da ya shafi waya da imel, wa ake kira? Kai ɗin nan da ke karanta wannan rubutu. Saboda haka gara ka san kan abin tun kafin a miƙo maka wayar a ce "duba mana".

Ga abin da ke faruwa a taƙaice. Birtaniya ta daina ba baƙi shaidar zama wadda ake riƙewa a hannu. Da, in an ba ka bizar karatu ko ta aiki, za a manna maka sitika a fasfo mai wa'adin kwana 90, ka shiga ƙasar da ita, sannan ka je gidan waya ko makarantarku ka karɓi wani kati mai kama da na ATM, mai hotonka da bayanan yatsunka. Shi ne BRP, wanda aka fara bayarwa tun 2008. Da shi kake komawa ƙasar in ka zo gida hutu, kuma shi ne abin da kowa ke lallaɓawa kamar ƙwai. To an daina buga shi a ƙarshen Oktoba 2024, kuma kusan duk katunan da ke hannun mutane an rubuta musu ranar ƙarewa ɗaya: 31 ga Disamba 2024. Abin da ya maye gurbinsa shi ake kira eVisa, wato bayaninka na shige da fice da ke ajiye a kwamfutocin Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya, kai kuma kana leƙa shi ta wani asusu da ake kira asusun UKVI.

Bari in warware wani ruɗani tun da wuri, don ya firgita mutane sosai a lokacin. Ranar da ke jikin katin, ranar mutuwar katin ce kawai. Mutum na iya samun izinin zama har 2027, ko ma izinin dindindin, amma katinsa ya nuna Disamba 2024. Izinin na nan daram. Haka kuma buɗe asusun eVisa ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya, ba ya canza sharuɗɗan da aka gindaya maka. Ɗalibin digiri da aka ce kada ya wuce awa 20 yana aiki a mako lokacin da ake karatu, awa 20 ɗin nan ce dai. Wanda aka hana shi cin tallafin gwamnati, hanin na nan. Hanyar nuna shaida ce kaɗai ta canza.

An ɗan yi sassauci da farko. Da aka ga mutane da yawa ba su gama komawa sabon tsarin ba, sai aka ce kamfanonin jirgi su ci gaba da karɓar katin da ya ƙare har 31 ga Maris 2025, aka sake ɗagawa zuwa 1 ga Yuni 2025. Daga 2 ga Yuni aka rufe wannan ƙofa. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin ta ce fiye da mutum miliyan 4 sun riga sun buɗe asusu. Sai aka juyo kan masu nema daga waje, irinmu da ke nema daga Abuja ko Legas. Daga 15 ga Yuli 2025, mai neman bizar karatu ko ta aiki ya daina samun sitika a fasfo. A ƙarshen Oktoba aka faɗaɗa abin zuwa matansu da 'ya'yansu da masu bizar iyali. Wanda zai fi taɓa jama'armu kuwa shi ne na 25 ga Fabrairu 2026: daga ranar, masu neman bizar ziyara ma eVisa za a ba su. Wato Hajiya da za ta je ganin jika, da Alhaji da zai je bikin kammala karatun ɗansa, da ɗan kasuwar da ke zuwa taro, duk sun shigo ciki.

Wanda yake da sitikar ziyara mai sauran wa'adi, irin ta shekara 2 ko 5 ko 10, kada hankalinsa ya tashi, tana aiki har ta ƙare. Kuma kada wani ya ɗauka an daina zuwa cibiyar biza. Za ka cike fom a intanet, ka biya, ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsunka kamar yadda aka saba. Bambancin shi ne ba sai ka bar musu fasfonka na makonni ana jiran a manna takarda ba. Wannan kam ci gaba ne, duk wanda ya taɓa rasa wata tafiyar Umara ko ta Dubai saboda fasfonsa na hannun masu biza zai gane abin da nake nufi.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu in an duba. Bizar Umara ai an daɗe ana turo ta ta waya, a buga ta a farar takarda. Ostareliya ta daina manna sitika tun 2015. Najeriya da kanta ta fara ba baƙi bizar intanet a ranar 1 ga Mayu 2025. Sai dai tsarin Birtaniya yana da wani hali nasa da ya kamata ka fahimta: babu wata takarda da za ka buga ka ce ita ce bizar. Hoton allon waya ma ba hujja ba ne a wurin mai ɗaukar aiki. Duk lokacin da ake son a tabbatar da matsayinka, sai an shiga intanet an tambayi rumbun gwamnati kai tsaye. Wannan shi ne ƙarfin tsarin, shi ne kuma rauninsa, za mu dawo kansa.

To yaya ake buɗe asusun? A shafin gov.uk ake yi, kuma kyauta ne. Ku ji da kyau, kyauta ne, ko kwabo ba a biya. Duk wanda ya ce ka turo dubu hamsin "kuɗin kunna biza", kuɗin cefanensa yake nema. Abin da ake buƙata: adireshin imel, lambar waya, fasfonka, da lambar katin BRP ɗinka ko lambar takardar neman bizarka, wadda kan fara da GWF ko kuma ake kira UAN. Bayan ka shigar da bayananka, za a tura ka ga wata manhaja mai suna UK Immigration: ID Check. Da ita za ka ɗauki hoton shafin fasfo, ka ɗora wayar a kan fasfon ta karanta ɗan guntun na'urar da ke cikin bangonsa, sannan ta duba fuskarka ka ɗauki hoton kanka. Dole wayar ta kasance mai NFC, irin wadda ake iya biyan kuɗi da ita ta hanyar taɓawa. In taka ba ta da shi, ari ta wani, ba laifi, don manhajar tantancewa kawai take yi, asusun ba a cikin wayar yake zaune ba. Ka cire rigar wayar da rigar fasfon kafin ka fara, in ba haka ba za ka yi ta goga waya a fasfo kamar mai guga ba ta karanta komai ba. Hoton kuma a tsaya wuri mai haske, bango fari a baya, ba tare da wani ya leƙo ta kafaɗa ba. In an gama sai ka jira saƙon imel da zai ce bizarka ta shiga asusun.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, don nan ne mutanenmu za su fi cin karo da matsala: imel da lambar waya.

Kowa ya san yadda ake neman biza a garuruwanmu. Mutum zai je wurin ejan, ko shagon intanet, ya miƙa fasfo da takardun banki ya ce a cike masa. Yaron shagon zai tambaye shi imel, ya ce ba shi da shi ko ya manta kalmar sirrin. Sai yaron ya sa nasa, ko ya buɗe wani sabo nan take wanda ba wanda zai sake tunawa da shi. A zamanin sitika wannan bai cika cutarwa ba, tunda a ƙarshe fasfo zai dawo hannunka da biza a manne, kai da ejan kuma sai wata rana. Yanzu kuwa labari ya sha bamban. Duk lokacin da za ka shiga asusun UKVI, sai an turo wata lambar sirri zuwa imel ko wayar da aka yi rajista da ita. In imel ɗin na ejan ne, to makullin ɗakinka na aljihun wani. Ranar da kake tsaye a filin jirgi ƙarfe biyun dare ana ce maka ka nuna matsayinka, sai ka kira shi ya tashi daga barci ya karanto maka lamba. In kun ɓata fa? In ya canza layi? In ya ce sai ka sallame shi tukuna? Ba sai na faɗa muku akwai masu irin wannan halin ba.

Don haka ko wa zai taya ka cikewa, imel ɗin ya zama naka, wanda kai ka san kalmar sirrinsa, lambar wayar ma taka. Tsarin ya yarda wani ya taimaka maka, har akwai gurbin da ake sa mataimaki da nasa bayanan daban, ba sai ya mallake asusun ba. Wanda kuma ya riga ya buɗe da imel ɗin wani, ya shiga yau ya canza, akwai sashen sabunta bayanai a cikin asusun.

Sai maganar layi. Ɗalibi zai yi rajista da layinsa na Najeriya, ya isa can ya sayi sabon layi, ya jefa tsohon a cikin akwati. Bayan wani lokaci kamfani ya rufe layin saboda ba a amfani da shi, ƙarshe ma a sayar wa wani. Haka wanda ya yi da imel ɗin jami'a, ranar da ya gama karatu makaranta ta rufe imel ɗin, shi ke nan. In ka rasa ɗaya kana da ɗayan, da sauƙi. In ka rasa duka biyun, sai ka bi hanyar ƙwato asusu, ka sake tantance kanka, kuma ba abin da kake so ka fara ana gobe tafiya ba ne. Abu mai sauƙi: duk ranar da ka canza layi, ranar ka shiga ka sabunta.

Na biyu a girma shi ne fasfo. Ita eVisa a ɗaure take da lambar fasfon da ke cikin asusunka. In ka je hawa jirgi, ma'aikacin zai zura fasfonka a na'ura, na'urar ta aika tambaya Birtaniya, amsa ta dawo cewa wannan mutum yana da izini ko kuma ba a gan shi ba. To fasfon Najeriya shekara 5 yake yi ko 10, kuma in ka sabunta, sabuwar lamba ake ba ka. A ce wata 'yar'uwa ta zo Kano hutun ƙarshen shekara, ta ga fasfonta ya kusa ƙarewa ta sabunta a nan, ta manta ba ta saka sabon a asusunta ba. Ranar komawa na'ura za ta nemi lambar da Birtaniya ba ta sani ba. Izininta lafiya lau, aikinta na jiran ta ranar Litinin, amma ga ta a gaban kanta ana ce mata ta koma gefe. Wannan ita ce matsalar da aka fi samu, kuma ita ce mafi sauƙin kaucewa. Da ka karɓi sabon fasfo, ka shiga asusu ka ƙara shi, ka jira saƙon da ke tabbatar da an karɓa. Kada ka bari sai daren tafiya, don ba kullum yake shiga nan take ba, musamman in akwai bambancin suna. In an ba ka tsohon fasfon, ka tafi da shi shi ma.

Akwai wani sharaɗi da ba kowa ya sani ba: in kana da takardar neman biza da ke jiran hukunci, ba za ka iya canza suna ko fasfo a asusun ba sai an yanke. Saboda haka mai shirin sabunta biza da sabunta fasfo a lokaci guda, ya tsara wanne zai fara.

Tunda an zo maganar suna, mu kam muna da aiki. Mutum ɗaya ne, amma a takardar makaranta Muhammad, a NIN Mohammed, a tsohon fasfo Muhammed. Wani sunan mahaifinsa ne sunan ƙarshe a wannan takarda, a waccan kuma sunan garinsu. Mace ta yi aure ta koma amfani da sunan miji. Da, jami'i zai kalli kati ya kalli fuskarka ya gane kai ne. Kwamfuta ba ta da wannan uzurin, harafi ɗaya ya bambanta tana iya cewa ba ta san ka ba. In bizarka ta fito, kada ka tsaya a murna kawai. Buɗe ta ka karanta kamar mai duba takardar fili: sunan daidai yake da na fasfo? Ranar haihuwa fa? Hoton naka ne? Irin bizar da ka nema ce? Ranar farawa da ranar ƙarewa daidai ne? In ka ga kuskure, akwai fom na kai rahoton kuskuren eVisa a gov.uk, ka cike tun kana da lokaci, ka ajiye shaidar ka kai.

Kada ku ɗauka tambayar "hoton naka ne?" wasa nake yi. A watan Maris 2024 jaridar Guardian ta ba da rahoton cewa bayanan fiye da mutum 76,000 sun cakuɗe a rumbun ma'aikatar, wasu an haɗa sunansu da hoton wani ko matsayin wani. Ƙungiyoyi irin su the3million da Open Rights Group sun daɗe suna ƙorafi a kan tsarin, suna neman a ba mutane wata shaida ta hannu ko da mai lambar QR ce, wadda za ta yi aiki ko babu intanet. Kuma tsoron nasu yana da tushe. A 2018 aka yi badaƙalar Windrush, inda mutanen da suka shiga Birtaniya bisa ƙa'ida tun suna yara, yawancinsu daga yankin Karebiyan, suka wayi gari an ce su kawo hujjar zama. Ba su da ita, ma'aikatar kuma ta riga ta lalata tsofaffin katunan shigowarsu. Wasu suka rasa aiki, wasu gida, wasu aka hana su magani, wasu aka tasa ƙeyarsu zuwa ƙasashen da rabonsu da su tun ƙuruciya. Har ministar cikin gida ta lokacin, Amber Rudd, ta sauka daga muƙaminta a watan Afrilun shekarar.

Gwamnati na cewa ai wannan ne ma dalilin komawa intanet: kati na ɓata, ana sace shi, ana buga na jabu, bayanin da ke rumbu kuwa yana nan. Kuma akwai gaskiya a ciki. Da, in katinka ya ɓata kana hutu a gida, sai ka nemi wata biza ta musamman ta shiga sau ɗaya, ka biya fam 154, ka zauna jira, wani har ya rasa makonnin karatu. Wannan wahalar ta kau. Ni dai a ganina tsarin ya fi na da ga mafi yawan mutane a mafi yawan ranaku. Inda nake da ja shi ne ranar da abin ya ƙi. Ranar nan hujjar gaba ɗaya tana hannun ɓangare ɗaya, kai kuma ba ka da abin da za ka ɗaga ka ce ga shi. Shi ya sa nake ba kowa shawara ya haɗa nasa fayil: imel ɗin da aka ce an amince da bizarka, ka buga shi a takarda ka kuma ajiye a waya, lambar GWF ko UAN, hoton shafin bizarka ranar da ka fara ganin ta daidai, da tsohon katin BRP. Kada ka yar da katin don ya ƙare. Ba zai hau da kai jirgi ba, amma lambarsa na da amfani wurin shiga asusu da wurin neman biza ta gaba, wasu ma lambar inshorarsu ta aiki a bayansa take. Waɗannan takardu ba su ne bizar ba, amma ranar gardama su za su nuna inda aka kwana.

Sai abin da suke kira share code, mu ce lambar nuna shaida. In mai ɗaukar aiki ko mai gidan haya ko makaranta na son ganin matsayinka, ba wayarka za ka miƙa musu ba, kuma kada ka kuskura ka ba kowa hanyar shiga asusunka. Za ka shiga ka ciro wata lamba mai haruffa da alƙaluma 9, ka ba su tare da ranar haihuwarka, su shiga nasu ɓangaren su gani. Tana aiki kwana 90, kuma kana iya ciro sabuwa duk lokacin da kake so. A kula, iri-iri ce: ta aiki da W take farawa, ta haya da R, ta sauran buƙatu da S. In ka kai wa mai gida ta aiki, ba za ta buɗe masa ba, ya ɗauka ƙarya kake yi. Kuma in ka ga suna tsanantawa, ba lallai ƙiyayya ba ce. Tun Fabrairun 2024, kamfanin da ya ɗauki wanda ba shi da izinin aiki na iya biyan tarar da ta kai fam 45,000 a kan mutum ɗaya a karon farko, fam 60,000 in ya maimaita. Mai gidan haya a Ingila shi ma akwai tasa tarar. Binciken haya a Ingila kaɗai ake yi, ban da Sikotland da Wels da Ireland ta Arewa. To wanda ke fuskantar irin wannan tara, in lambarka ta ƙi buɗewa, sau da yawa wucewa zai yi ga mai nema na gaba. Ka gwada asusunka tun kafin ranar ganawa.

Ga matafiya kuma, ka ciro lamba mai S kafin ka bar gida, ka rubuta ta a takarda ka sa cikin fasfo. Mu da yawa ba kai tsaye muke tafiya ba, daga Kano sai an bi ta Alkahira ko Adis Ababa, kuma a kowane zango ana iya sake tambaya. Ga intanet ɗin filin jirgi yadda yake, ga caji na ƙarewa, ga layin Birtaniya da ba lallai ya karɓi saƙo a nan ba. In na'urarsu ba ta gan ka ba, ka ba su lambar su duba. In har yanzu da matsala, ka roƙe su cikin ladabi su tuntuɓi sashen da Ma'aikatar Cikin Gida ta ware don taimaka wa kamfanonin jirgi, yana aiki dare da rana, kuma su ne ke kira, ba fasinja ba. Ka je filin jirgi da wuri fiye da yadda ka saba. Faɗa da ma'aikacin kanta ba ya kai kowa Landan, don shi ma in ya ɗauki wanda ba shi da izini kamfaninsa za a ci tara.

Yara fa? Kowane yaro da nasa asusun, ko jariri ne. Uwa ko uba ne za su buɗe masa, suna iya sa imel da lambarsu, in ya girma a mayar masa. Fasfon yara ma yana ƙarewa, kuma shi aka fi mantawa. Iyali mai mutum biyar, asusu biyar za a duba kafin tafiya, ɗaya ya samu matsala duk an tsaya.

Akwai kuma dattawanmu da suka daɗe a can, waɗanda suka je tun shekarun 1970 ko 1980, izininsu na dindindin hatimi ne na tawada ko tsohuwar sitika a fasfon da ya mutu tuntuni. Su hanyarsu daban ce. Ana so su nemi abin da ake kira No Time Limit, wanda kyauta ne tun Afrilun 2022, a ɗauki yatsunsu, sannan a ba su eVisa. In kana da kawu ko gwaggo irin wannan, ka kira ka tambaya ko an yi musu, kuma ka ce kada su yar da tsohon fasfon nan komai tsufansa. Wanda kuma ya riga ya zama ɗan ƙasa, ba ruwansa da eVisa, fasfon Birtaniya ne shaidarsa. Sai dai masu ƙasa biyu su lura, har da yaran da aka haifa can suke da haƙƙin zama 'yan ƙasa: daga 25 ga Fabrairu 2026 ana so su nuna fasfon Birtaniya mai aiki, ko takardar shaidar haƙƙin zama da ake haɗawa da ɗayan fasfon, kafin su hau jirgi.

Wani abu da ke rikita mutane a TikTok shi ne ETA. Za ka ji ana cewa yanzu ba a buƙatar biza, ka cike wani abu a waya cikin minti goma ka tafi. Wannan na 'yan ƙasashen da dama can ba sa buƙatar bizar ziyara ne, irin su Amurka da ƙasashen Turai da na yankin Gulf. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru biza zai nema kamar kullum, da takardun banki da komai. Duk wanda ya ce zai yi maka ETA da koren fasfo, ka riƙe kuɗinka.

Haka saƙonnin da ke shigowa ta WhatsApp ko imel, masu cewa "za a soke bizarka cikin awa 24 in ba ka danna nan ba". Lokacin canjin tsari lokacin kasuwar 'yan damfara ne, don sun san kowa a tsorace yake. Kada ka bi mahaɗin da aka turo maka. Buɗe burauza da kanka ka rubuta gov.uk, ka nemi eVisa daga can. Lambar sirrin da ake turo maka lokacin shiga kuwa, ka ɗauke ta kamar ta banki, ko wanda ya ce daga ofishin jakadanci yake kada ka karanta masa.

In za a yi wa Hajiya ko Baba, ga yadda zan so a yi. A buɗe musu imel nasu na kansu, a rubuta kalmar sirrin a littafi a ajiye inda aka san za a samu. A sa lambar wayar da za su tafi da ita, a tabbatar tana karɓar saƙo a waje. Ɗan da ke can Birtaniya shi ma ya san yadda ake shiga, don in an tsaya a hanya shi za a kira. A buga musu imel ɗin amincewa da lambar nuna shaida a takarda ɗaya da manyan haruffa, a ninke a sa cikin fasfo. Sannan a zaunar da su a yi musu bayani cewa fasfon zai dawo ba komai a ciki, kuma hakan ba ya nufin an hana su. Don na tabbata akwai gidan da za a buɗe fasfo a ga babu sitika a fara salati, alhali biza na can cikin imel tun shekaranjiya.

Nan za mu dakata a yau. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma don Allah kada kowa ya saka hoton fasfonsa ko lambar bizarsa a fili. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.